Mai Tebur da Ɗan Makaranta

A allon wannan mako za mu taɓo abin da kusan kowa a cikinmu ya sani, wato cinikin hotunan 'yan ƙwallo. Duk wanda ya buɗe jakar ɗan makaranta a Boɗinga ko Shagari, da wuya ya rasa sitikar wani ɗan wasa manne a bangon littafi, ko ɗan kati a tsakanin shafuka. Da kuɗin tararmu muke sayen su, wani lokaci ma sai mun haƙura da ƙosai na kwana biyu kafin kuɗin su cika. Tun da kuɗin yunwarmu ne, muna da bakin magana a kan yadda masu sayarwa ke karɓar mu.

Wannan sha'awa ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasar Italiya akwai kamfanin Panini, wanda ya fara buga hotunan 'yan ƙwallo a garin Modena a 1961, kuma tun gasar cin kofin duniya ta 1970 yake fitar da kundin da ake manna su a ciki. A Amurka abin ya zama babbar sana'a, har akan yi taron baje kolin katunan 'yan wasa na ƙasa baki ɗaya, wanda aka fara a 1980. A irin wannan taro kowane ɗan kasuwa yakan kama tebur, ya jera katunansa cikin leda ko gidan roba don kada su lanƙwashe. Akwai kamfanonin da aikinsu kawai shi ne duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, gwargwadon lafiyarsa. A 2022 an sayar da kati ɗaya tak, na wani ɗan wasan Amurka mai suna Mickey Mantle wanda aka buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6. Duk da tsadar kayan, ladubban wurin sanannu ne a gare mu: mai saye ya nemi izini kafin ya taɓa, mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa, kowa ya yi tayi cikin mutunci.

Namu baje kolin shi ne ranar kasuwa. A nan ne masu tebur da masu baro ke shimfiɗa kalandu da sitika da rigunan ƙungiyoyi. Mun zagaya su da yawa, daga Boɗinga da Sifawa har Shagari da Kajiji, kuma mun gane cewa iri biyu ne.

Na farko, da zarar ya hango kayan makaranta a jikinmu sai ya haɗe rai. Ba mu gama sallama ba zai ce, "Kai yaro, in ba saye kake yi ba, ba ni wuri." In mun tambayi kuɗi, farashin da zai faɗa mana ya fi wanda ya faɗa wa babba yanzu-yanzu a gabanmu. In hoton ya yage a gefe, sai ya rufe wurin da yatsa har mu biya. Mun taɓa sayen sitikar da ba ta da danƙo ko kaɗan, da muka mayar sai aka ce ba a san fuskarmu ba.

Na biyu kuwa yakan amsa sallama, ya ce, "Ɗana, wa kake nema?" Mu ce, "Baba, Ahmed Musa." Sai ya tono shi daga ƙasan tari, ya kuma tuna mana ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a 2014 da biyun da ya zura wa Ayislan a 2018. In bugun ya dushe zai faɗa da bakinsa, ya yi rangwame. In tayinmu bai kai ba, "albarka" kawai zai ce yana murmushi, ba zagi ba kora. In mun sayi uku, wani lokaci ya ɗora ɗaya gyara. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mun ga amfanin hakan da idonmu: labarin irin wannan mai tebur yakan zagaye aji kafin a tashi, ranar kasuwa ta gaba kuma a wurinsa za a taru. Mai korar yara ya manta cewa ɗan aji ɗaya na yau shi ne zai zo sayen takalmi da riga nan da 'yan shekaru, kuma yaro ba ya manta wanda ya wulaƙanta shi.

Mai saye ma yana da nasa nauyin. Hannun da ya ci awara bai kamata ya taɓa hoto ba sai an goge shi. Bai dace mutum goma su rufe tebur suna gardamar Barcelona da Real Madrid ba, alhali masu saye na jira a baya. Wanda ya yi tayi aka ce an sallama, to ya biya, domin tayin wasa ɓata lokacin mai neman abinci ne.

Abin da ya fi damun mu shi ne cinikin da ake yi a cikin makarantar nan. Lokacin tara, ƙarƙashin bishiya, ana musayar katuna, kuma a nan mu ne masu tebur. Tun da Victor Osimhen ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2023, Ademola Lookman ya gaje shi a 2024, kowa hotonsu yake nema. Muna ganin yadda wasu manya ke karɓe wa ƙananan ɗalibai irin waɗannan hotuna, su ba su tsofaffi biyu da suka yage, su ce ai biyu ta fi ɗaya. Ƙaramin ba ya iya musu saboda tsoro. Wannan zalunci ne, ko da a kan takardar naira hamsin aka yi shi, kuma wanda ya saba da shi a nan da shi zai shiga kasuwa.

Don haka ƙungiyarmu ke ba da shawarar ƙa'idoji uku. A nuna kati gaba da baya kafin a yi musaya. Kada babba ya yi musaya da ƙarami sai da shaida daga ajin ƙaramin. Wanda ya canja ra'ayi kafin a tashi ranar, a mayar masa da kayansa. Muna roƙon malamanmu da shugabannin ɗalibai su taya mu sa ido, a kuma bar musayar ga lokacin tara kaɗai don kada ta shiga darasi. Wanda ke da ƙari ko gyara ya rubuto, za mu manna a allon mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta