Tafiya a Kan Katako a Dajin Lekki

'Yan uwa ɗalibai, da an ambaci Lekki a jihar Legas, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne dogayen benaye, manyan motoci da cunkoson hanya. Amma a gefen babban titin Lekki zuwa Epe akwai wani daji mai faɗin hekta 78, wato ya fi filin ƙwallo 100, wanda aka hana kowa cike shi da yashi. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ce ta kafa shi a shekarar 1990 da tallafin kamfanin Chevron. Can muka je a hutun da ya wuce, mu 'yan ajinmu na jami'a, har da ƙannen wasunmu.

Lekki zirin ƙasa ne tsakanin ruwa biyu: tafkin Legas a arewa, tekun Atlantika a kudu. Saboda haka ƙasar wurin fadama ce mai jiƙe da ruwa, wadda ƙafa ke nutsewa a cikinta. Shi ya sa aka shimfiɗa hanyar katako a kan ginshiƙai, mai tsawon kusan kilomita 2, ta ratsa cikin dajin. Ba hawa ba gangara, don haka yaro ɗan firamare da kakarsa duk za su iya binta a tsanake.

Ba mu yi nisa ba ƙarar motoci ta fara raguwa, sai kukan tsuntsaye da motsin katako a ƙarƙashin sawunmu. Hagu da dama itatuwa ne dogaye da tukurwa, ga ruwa baƙi a kwance cike da ganye. Masu gidan na gaskiya su ne birai. Suna zama a kan madogarar hanya suna ƙare wa mutum kallo, idonsu na kan ledar da ke hannunsa. A nan ne muka gane dalilin da ya sa ake gargaɗin baƙi su ɓoye abinci a jaka. Akwai kadoji a cikin ruwan, amma sai mai haƙuri da rufe baki ke dacewa da ganinsu.

Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar sama mai lilo, tsawonta mita 401, kuma a wurin da ta fi tsayi ta kai mita 22 da rabi daga ƙasa. Mun hau, gwiwoyi na rawa, hannu biyu a kan igiya. Daga can sama muka hango ƙarshen dajin, da benaye sun yi masa zobe. Sai dai ba a barin ƙananan yara su hau, kuma ba dole ba ne. Wanda ya bi hanyar ƙasa ya fi ganin dabbobi, domin mai hawan gada hankalinsa na kan ƙafarsa.

A ƙarshen hanyar katakon daji ya buɗe zuwa filin ciyawa, inda aka yi dandalin iyali. Akwai rumfunan hutawa, tafkunan kifi, da manyan allunan dara da lido da aka zana a ƙasa. A nan ƙannenmu suka yi ta guje-guje, mu kuma muka buɗe guzuri.

Wannan fadamar ba don nishaɗi kaɗai take da amfani ba. Kamar soso take, tana shanye ruwan sama ta riƙe shi. Inda aka cike irinta aka yi gini, ruwa kan rasa wurin zuwa, kamar yadda aka gani a daminar 2017 lokacin da ambaliya ta mamaye titunan Lekki. Mu ma a gida mun san wannan labari, domin kududdufai da yawa a birnin Kano an cike su an yi gidaje da shaguna, unguwanni kuma suna kwana cikin ruwa idan damina ta yi ƙarfi.

Ga duk wanda Allah ya nufa da zuwa, ya tafi da sassafe kafin rana ta take da kuma kafin jama'a su yi yawa. Ya sa takalmi rufaffe, ya riƙe ruwan sha da kuɗin tikiti, domin hawan gada kuɗinsa daban. A riƙe hannun yara, kada a ba birai abinci, kada a yar da leda.

Wanda kuma Legas ta yi masa nisa, to akwai fadama ko tafki a kusa da garinsu. Ku roƙi malamin labarin ƙasa ya kai ku, ku ɗauki littafi ku rubuta sunan kowane tsuntsu da itacen da kuka gani, sannan ku tambayi dattawan wurin iyakar da ruwan yake kaiwa a zamanin ƙuruciyarsu.