Man kartam na cikin takarda, man gyaɗa na cikin kasuwa

Tun da wasu daga cikinmu suka dawo daga horon haɗa sabulu, tambaya guda ke zagaya ƙungiyoyinmu na Diffa: a ina ake sayar da man kartam? Sunan yana cikin takardar da aka raba, yana kuma cikin bidiyoyin da ƴaƴanmu ke nuna mana a waya. An tambayi masu shago a babbar kasuwa, an tambayi direbobin Damagaram, har an aika saƙo Yamai. Kowa sai ya ce bai taɓa jin sa ba.

To, kartam dai wani tsiro ne mai ƙaya-ƙaya, furensa rawaya ko ruwan goro, ƴaƴansa farare ƙanana, daga cikinsu ake tatsar man. Tun zamanin Fir'auna mutanen Masar ke rina tufafi da furensa. Yanzu ana noma shi sosai a Kazakistan, Rasha, Indiya, Meziko, Amurka da Habasha. Matar da ta rubuta takardar sabulu a irin waɗannan ƙasashe, man kartam yana nan a kantin unguwarsu kamar yadda man gyaɗa yake a namu, shi ya sa ta sa shi. Da a Matamaye ko Magariya take zaune, man gyaɗa za ta rubuta. Takardar ce ta yi tafiya har ta iso bakin Komadugu, man kuwa bai biyo ta ba.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da nauyi, kuɗi ne. A ƙungiyarmu wata ƴar uwa ta nemi bashi daga akwati don ta ba wani direba ya nemo mata man daga Kano, wai sabulunta zai fi na kowa kyau, za ta sayar wa matan ma'aikata. Kun san tsarinmu na Mata Masu Dubara tun da aka fara shi a yankin Maradi a 1991: kuɗin da ke cikin akwatin nan mai kwaɗo uku zubin kowa ne. Akwai dalar mai sayar da ƙosai a ciki, akwai ta wadda ke tsinkar tattasai a gonar wani, akwai ta ƴar uwar da ta baro Bosso ko Damasak da ƴaƴa a hannu ba ta ɗauko ko tabarma ba. Ba a hana ta bashi ba. An dai ce a zauna a duba mene ne aikin wannan mai a cikin sabulu kafin a ƙirga kuɗi, aka kuwa zauna da takarda da sikeli da waɗanda suka daɗe a sana'ar.

Man da ake sabulu da shi kashi uku ne a wurin aiki. Akwai mai sa sabulu tauri, ya daɗe bai narke a kwano ba, kamar manja, man kaɗe da kitse. Akwai mai kawo kumfa da ƙarfin wanki, shi ne man alayyadi da man kwakwa. Sai mai ruwa-ruwa, wanda ba ya daskarewa ko da sanyi, aikinsa ya sa sabulu ya yi laushi a fata kada ya busar da ita. Man kartam a wannan kashi na uku yake, tare da man gyaɗa, man riɗi da man aduwa. Ba ya ƙara tauri, kumfarsa kaɗan ce.

Kuma yana da wani hali da bai dace da garinmu ba. Irin da aka fi sani a cikinsa yana saurin lalacewa. In ya yi yawa a haɗi, bayan wasu watanni sai ki ga ɗige-ɗige ruwan goro sun fito a jikin sabulun, yana warin tsohon mai. Su kansu masu sana'ar a can ƙasashen sanyi ba su cika wuce kashi 15 cikin 100 na haɗinsu da shi ba. To ina ga Diffa a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sabulu na jibge a ɗakin kwano? Man gyaɗa ya fi shi jimiri nesa ba kusa ba.

Ga kuma abin da ya yanke maganar. Kowane mai yana da adadin sodar da ke cinye shi ya zama sabulu. Kilo guda na man kartam yana buƙatar kusan giram 136 na soda. Kilo guda na man gyaɗa, shi ma kusan giram 136. Man riɗi kusan 134. Wato duk inda takarda ta ce kartam, ki zuba man gyaɗa daidai wannan nauyin, kada ki taɓa sodar, kada ki taɓa ruwan. Shi ke nan. Ƴar uwar tamu ta karɓi bashinta, ta sayi man gyaɗa wurin wata mai ƙuli-ƙuli da ke cikin ƙungiyar, kuɗin ya juya a tsakaninmu bai hau mota ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, man gyaɗa abinci ne. Litar da za ki zuba a bokitin sabulu, ita ce za ta yi miyar gida kwanaki. Gyaɗar ma yawanci daga wajen Damagaram da Maradi take zuwa, in damina ta yi gardama can, mu nan mu ji a aljihu. Don haka mu a ganinmu kada ya wuce rubu'in haɗi. Kuma a nemi wanda aka tace da kyau, wanda ba ruwa ko tunkuza a gindin kwalba. Wanda aka riga aka soya ƙosai ko kifi da shi yana yin sabulun wanki in an tace shi da ƙyalle, amma kada a sa shi a na wanka a ce za a sayar wa mutane. Warin kifin tafki ba ya jin turare.

Man aduwa kuwa, muna da abin faɗi a kansa. Itacen nan yana ko'ina daga Chetimari har Maine-Soroa, yara na tsotse ƴaƴan su yar da ƙwallon. A cikin ƙwallon nan man yake, mai kyau, mai laushi a fata. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sayen aduwa wurin matan karkara yana tatsar man yana sa shi a kwalba. Wahalarsa fasa ƙwallon, wadda ta taɓa zama da dutse tana fasawa ta san hannu na yin kanta kafin a cika tiya guda. Wadda ke da yara masu taya ta, ko ƙungiyar da za ta yi gayya ranar da ba kasuwa, za ta iya maye wani ɓangare na man gyaɗa da shi. A fara da kaɗan, a gwada a ƙaramin haɗi tukuna. Man dogon yaro ma yana shiga, sodarsa kusan giram 139 a kilo, amma warinsa da ƙarfi, cokali kaɗan ya isa, kuma ba kowace mai saye ke son sa ba.

Wanda ya fi ba mu wahala a gaskiya ba kartam ba ne, manja ne da alayyadi. Dukansu daga kudancin Najeriya suke hawowa. Tun watan Fabrairun 2015, da aka kawo hari Diffa da Bosso, hanyoyin da muka sani na ƙetare kogi suka lalace, kaya suka koma zagaye mai nisa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020. A 2023, bayan juyin mulkin Yuli, aka sake rufewa sai Maris na 2024. Kowane karo jarkar manja ce ke fara tashi, kuma ga lissafin naira da sefa da ke canja wa mace riba kafin ta iso gida daga kasuwa. Ƙungiyoyi nawa ne suka ajiye bokitin sabulu a waɗannan watanni, ba don sun manta sana'ar ba?

A nan ne muke son ƴan uwa su juya su dubi mahauta. Jiharmu jihar dabbobi ce, daga shanun Kuri na bakin tafkin Chadi har tumakin Fulani. Kitsen shanu yana cin soda kusan giram 140 zuwa 143 a kilo, manja kuwa kusan 141. Kun ga kenan ɗaya na zama a gurbin ɗaya ba tare da an sake lissafi ba. Sabulun kitse fari ne tas, da tauri, yana daɗewa, kuma ya hutar da ke ƙona manja a wuta don jan ya fita, aikin da ke cika gida da hayaƙi, wani lokaci har wuta ta kama tukunya. Yadda muke yi: a yayyanka kitsen ƙanana, a sa a wuta marar ƙarfi har ya narke, a tace da ƙyalle. A mayar da shi tukunya da ruwa da ɗan gishiri, ya tafasa, a sauke a bar shi ya kwana. Da safe kitsen ya daskare a sama, dattin ya kwanta a ruwa. A ɗaga, a kankare gindinsa. In har yanzu yana warin nama, a maimaita. Da sanyi aikin ya fi sauƙi, da bazara kuwa sai an sa kwanon cikin ruwan randa kafin ya kama. Bayan babbar Sallah kitse har zubar da shi ake yi a wasu gidaje, alhali ga masu sabulu na neman bashin manja.

Alayyadi ne ba mu da madadinsa a ƙasarmu. Man kwakwa na yin aikinsa, amma ya fi shi tsada da nisa. Man kaɗe kuwa, itacensa ba ya fitowa nan, daga wajen Gaya da Najeriya ake kawo shi, kuma ba ya kumfa. Sabulu ba alayyadi yana wanki, kumfarsa ce ƙarama, mai saye kuma da kumfa take auna sabulu, ko me za ki gaya mata. Saboda haka in za a ci bashi don mai, a ci don alayyadi, a saya da yawa lokacin da hanya take buɗe, ƙungiya biyu ko uku su haɗa kuɗi su ɗauki jarka.

Kuma a kula, shi ba a musanya shi da ka. Kilo guda na alayyadi yana cin soda kusan giram 175, ya fi man gyaɗa da kusan giram 40. Ga haɗin da muke yi na kilo guda: manja ko kitse giram 500, alayyadi giram 250, man gyaɗa giram 250, soda giram 140, ruwa giram 330. Sodar an rage ta kaɗan da gangan don ɗan mai ya saura, sabulun kada ya yi kaifi. In alayyadi ya yanke, kika cika gurbinsa da man gyaɗa ko man kaɗe, kika bar soda a 140, to sodar ta fi ƙarfin man. Wannan sabulun ne ke fasa hannun mai wanki, ya sa jikin jariri ya yi ja. A irin wannan hali a sauke sodar zuwa giram 130. Haka kuma lita ba kilo ba ce. Litar mai ba ta wuce giram 920 ba, wadda ta auna da kwalba ta ɗauka kilo ne, ta rage mai ta bar soda. Ƙaramin sikelin nan mai batir, a saye shi da kuɗin ƙungiya, ya zauna wurin ma'aji tare da akwati, mai buƙata ta ara.

Wasu na tambaya ko kanwa za ta iya zama a madadin soda, tunda ga ta a Manga ba sai an ƙetare iyaka ba. Ba ta da ƙarfin da za ta mayar da mai sabulun sanda a haɗin sanyi irin namu. Sabulun salo da ake yi da ruwan toka wata sana'a ce daban, dafa shi ake yi a wuta.

Sodar nan kuma wuta ce a cikin leda. Ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba mata ruwa. A bokitin roba mai kauri, a waje inda iska ke kaɗawa, da safar hannu, kada a kusanci tukunyar dalma da ita domin tana cin ta. Abin da ya fi tsorata mu shi ne ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha. Kada a zuba shi a gorar ruwa ko kofi, kada a bar shi ƙasa a shiga ɗaki ko na minti guda. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa ne ke ƙonewa. In tsautsayi ya faru, kada a sa shi amai, a ruga asibiti da shi. In a fata ko ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai yawa.

Mun san me ya sa muke nacewa a kan sana'ar nan duk da wahalarta. Waɗanda ke nan a 2017 suna tuna annobar ciwon shawara da ta shiga sansanonin ƴan gudun hijira, yadda ta fi kayar da mata masu ciki, da yadda ma'aikatan lafiya suka yi ta bi gida-gida da maganar ruwa mai tsabta da wanke hannu. Duk shekarar da Komadugu ta yi ambaliya kamar 2019 da 2022, maganar ce ke dawowa. Sabulun da za a iya yankawa ƙanana a sayar da kuɗin da mace mai ƴaƴa shida za ta iya biya kowane mako, shi muke so ya wadatu a unguwa.

Wadda za ta gwada haɗin kitse ko na aduwa, ta fara da rabin kilo, ta rubuta abin da ta zuba da ranar da ta zuba. Bayan kwana biyu a fitar a yanka, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa, a bar shi mako 4 zuwa 6 kafin ya je kasuwa. Ta zo da sanda guda wurin zubi, za mu wanke hannu da shi a gaban kowa mu ga kumfarsa, sakatariya ta shigar da ma'aunin a littafin ƙungiya.