Jamestown: Unguwar Tsofaffin Masu Hoto a Bakin Teku

Duk mutumin Zango da ke zaune a Ankara ya san Makola, ya san Tudu, amma da yawa daga cikinmu ba mu cika gangarawa Jamestown ba sai in sayen kifi ya kai mu. Alhali kuwa tafiyar ba ta da nisa. In ka bar Makola ka nufi bakin teku, ka bi High Street ka yi yamma, za ka wuce Ussher Fort, sannan James Fort wanda Turawan Ingila suka gina a 1673, sai ga doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari. A ƙarƙashinta masunta ne da kwale-kwalensu, ga hayaƙin kifi, ga iska mai gishiri tana kaɗawa dare da rana.

A cikin lungunan wannan unguwa ta ƙabilar Ga sana'ar hoto ta yi saiwa. A 1922 J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagon hoto mai suna Deo Gratias, wanda ya cika shekara 100 a 2022 yana hannun zuriyarsa. A zamaninsa kyamara akwati ce babba a kan ƙafa uku, mai wuya kamar zuga-zugin maƙeri. Mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, hoton kuma ya zauna a kan farantin gilashi. Kowane faranti hoto ɗaya ne tak. Saboda haka ba a gaggawa: a gyara maka zaman hula, a daidaita maka kafaɗa, ka riƙe numfashi.

A nan kuma James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya buɗe nasa shagon, Ever Young, a 1953. Ya yi wa jaridar Daily Graphic da mujallar Drum aiki, ya ɗauki Kwame Nkrumah da ɗan dambe Roy Ankrah. A 1959 ya tafi Ingila, bayan shekara 10 ya komo ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a Gana. Da tsufansa duniya ta farga da shi, har aka baje hotunansa a zauren Serpentine na Landan a 2021. Abin lura shi ne, da bai adana fina-finan da ya wanke ba, waɗanda masu sana'ar ke kira nagetif, da babu abin da za a baje.

Kyamarorin wancan zamani kowace da halinta. Brownie ta kamfanin Kodak, wadda ta fito a 1900 a kan dala 1, ita ta sa talaka ya fara riƙe kyamara. Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fito a 1929, ido biyu gare ta: na sama na dubawa, na ƙasa na ɗauka. Ana riƙe ta a daidai ciki, mai hoto ya sunkuya yana leƙa ta sama, don haka wanda ake ɗauka ba ya jin an tsura masa ido. Fim ɗinta hoto 12 yake ci. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya sayi Yashica ta Japan, mai kama da ita. Daga baya Pentax K1000 ta zo a 1976, ƙarfe zalla, in ban da ma'aunin haske babu abin da ke buƙatar batir a jikinta. Shi ya sa masu tara kyamarori ke son irin waɗannan: ana kwance su, a gyara, su ci gaba da aiki.

Zuwan kyamarar zamani da wayar hannu ya durƙusar da fim, har Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Amma fim bai mutu ba. Samari a ƙasashe da dama sun koma masa, Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, Pentax kuma ta fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024. Abin da aka yar jiya, yau nemansa ake yi.

To, jama'a, a nan maganar ta shafe mu. A Nima, da Sabon Zango, da Kumasi, akwai gidajen da tsohuwar kyamarar baba ko ta kawu ke kwance a ƙasan adaka, tare da ambulan cike da nagetif na suna, da aure, da hawan salla. In an zo rabon gado, sai a ga tarkace ne, a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ita kuma iskar teku ba ta jira: tsatsa ta ci ƙarfe, fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashin ido, fim ya manne da juna.

Maganin ba shi da tsada. A cire batir in akwai. A fitar da kyamara daga jakarta ta fata, domin fata na riƙe laima, a ajiye ta inda iska ke ratsawa, tare da ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Lokaci-lokaci a ɗana ta a danna, kada ta ƙage. In ana zaton akwai fim a ciki, kada a buɗe bayanta, haske zai ƙone shi nan take. A kai wa mai hoto. Nagetif kuwa a riƙe shi ta gefe, a sa shi cikin takarda. Sannan a zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto da fensir a bayansa.

Mutanen Jamestown sun riƙe nasu, shi ya sa baƙi ke tsallako teku don su gani. Mu ma a duba ƙasan adaka kafin damina ta sake zagayowa.