Toola, uwar marayun teku

Ni ɗan riƙo ne. Mahaifiyata ta rasu ina jariri, gwaggota ce ta goye ni, shi ya sa labarin wata dabba da na gani a talbijin ya ƙi fita raina.

Karen ruwa ne na teku, mai zama gaɓar Kaliforniya a Amurka. Ba shi da kitsen da ke kare sauran dabbobin teku daga sanyi, sai gashi mai kauri, don haka kullum sai ya ci wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Yakan nutsa ya ɗauko ƙaguwa ko dodon koɗi, ya kwanta rigingine bisa ruwa, ya aza dutse a ƙirji ya fasa ɓawon. Macen ita kaɗai ke reno, wajen wata 6. In za ta nutsa, ta kan naɗe ɗanta cikin ciyawar teku don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Lokacin yaye wasu uwayen sun rame har sukan mutu.

Mafarautan fata sun kusa ƙarar da su. A 1938 aka ga ragowar wajen 50 a Big Sur. Yau sun kai kimanin 3000.

Ma'aikatan gidan adana halittun teku na Monterey sun daɗe suna tsintar marayu a bakin gaɓa, suna shayar da su da hannu. Marayun suna girma, amma sai su shaƙu da mutum, kuma da yawa in an sake su ba su iya zaman teku. A 2001 aka kawo wata mace marar lafiya, aka raɗa mata suna Toola. Ta haifi ɗa ba rai. Aka miƙa mata wani maraya, ta rungume shi, ta shayar da shi, ta koya masa nutso da fasa ɓawo. Kafin mutuwarta a 2012 ta reni 13. Tsakanin 2002 da 2016 an saki marayu 37 da irin waɗannan uwaye suka rena a fadamar Elkhorn, su da zuriyarsu suka kawo fiye da rabin ƙaruwar dabbar a wurin.

Masana suna ƙirga wannan a matsayin nasarar bincike, kuma haƙƙinsu ne. Ni dai abin da ya tsaya mini, ba a taɓa iya mayar da Toola teku ba saboda ciwonta. Gwaggota ma ba ta taka makaranta ba, amma ita ta kai ni bakin ƙofar lakwal, ta tsaya waje.