Ƙwayar mai goyo ba ta son jinkiri

Matar ƙanena ta yi kwanika yaronta na da wata tara, alhali tun bayan arba'in take shan ƙwayar tazarar haihuwa. Kafin mako ya zagayo magana ta karaɗe gidajen unguwarmu a Wanke, wai ƙwayar asibiti ba ta aiki. Ni na raka ta awo Gusau. A gabana ma'aikaciyar ta karɓi katin ƙwayar, ta bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, babu ranar da aka tsallake. Sai ta ce, "Ƙanwata, da ƙarfe nawa kike sha?" Ashe wata rana bayan asuba take sha, wata rana sai ta sauke tuwon dare. Da azumi ya kama kuma ta mayar da shan bayan buɗa-baki, wani lokaci da sahur.

A ranar na fahimci ƙwayoyin iri biyu ne. Mai sinadari biyu, irin Microgynon, tana hana ƙwai fita gaba ɗaya, shi ya sa jinkirin 'yan awoyi ba ya karya ta. Amma sinadarin istirojin da ke cikinta na iya rage nono, kuma ba a ba mai hawan jini ko mai ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiyar ido. Mai sinadari ɗaya, irin Microlut, ita ake ba masu shayarwa. Babban aikinta kaurara majinar bakin mahaifa don kada maniyyi ya wuce, kuma wannan kaurin yana sakin jiki da zarar kwana ɗaya ya cika. Idan mace ta wuce lokacinta da fiye da awa 3, sai ta sha nan take, sannan ita da maigida su yi amfani da kororon roba ko su haƙura na kwana 2.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya su biyun kusan kunnen doki ne. Idan ana sha daidai, ba a samun ko mace 1 cikin 100 da za ta ɗauki ciki a shekara. A yadda mutane ke sha kuwa, da mantuwa da jinkiri, kusan 7 cikin 100. Mai shayarwa tana da ƙarin kariya daga nonon kansa, matuƙar jariri bai wuce wata 6 ba, ba ya cin komai sai nono, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da yaro ya fara shan koko wannan garkuwar ta tafi, ƙwayar ce kaɗai ta rage, kuma daidai lokacin ne mata ke sakin jiki.

Ina ganin kafin a miƙa wa mace wannan kati ya kamata a tambaye ta yadda yininta yake. Ni dai shawarar da nake bayarwa ita ce a ɗaura shan da sallar isha'i, tunda lokacinta bai cika gocewa ba, kuma azumi ba ya taɓa ta. Sai dai a yankinmu ba kowace mace ke da iko da darenta ba. Akwai daren da ake barin gida ba shiri saboda 'yan bindiga, akwai makon da hanyar Gusau ba ta biyuwa ga kati ya ƙare. Wadda rayuwarta take haka, gara a yi mata bayanin allurar wata uku ko ashanar da ake sa wa a dantse, wadda ke kai shekara 3 zuwa 5, ta koma gida su yi shawara da mijinta.