Daren da Na Kwana a Kan Anka

Wata huɗu bayan rasuwar matata, ƙaninta da ya daɗe yana aiki a Legas ya matsa mini in je in huta a wurinsa. Shi da abokansa biyu sun haɗa kuɗi sun sayi ɗan jirgin ruwa na shaƙatawa, mai inji ɗaya da ƙaramin ɗaki na kwanan mutum biyu. Ya ce za mu bi mashigin ruwan da ya miƙe yamma daga Legas zuwa Badagry, wanda siririn tudun yashi ne ya raba shi da Tekun Atlantika. Ya san zan so in ga garin da masu bishara suka sauka a shekara ta 1842.

Ni mutumin tudu ne. Ruwan da na sani shi ne rafin garinmu, wanda yaro ke tsallakewa da rani. Amma ba tsoron ruwa ne ya fi damuna ba. Shekara 11 ina dattijon ikilisiya, ni ke shiga gidajen makoki ina ƙarfafa mutane, ga shi yanzu in na durƙusa sai bakina ya mutu. Na ɓoye wa kowa, domin a ganina wanda zuciyarsa ke rawa haka bangaskiyarsa ta riga ta tsinke.

Zaman jirgi yana da tasa tarbiyya. Ruwan sha a jarka yake, da awo ake shansa. Kowane abu da mazauninsa, har tukunya sai an danne ta a kan murhu don kada ta kife. Ba a taku ɗaya sai hannu na riƙe da wani abu.

Da rana ta yi gora, muka tsaya a wani lungu don mu kwana. Zurfin wurin bai wuce mita 3 ba, amma sai na ga ya saki sarƙa da igiya kusan mita 20. Na tambaye shi dalilin wannan ɓarna. Ya ce, “Yaya, anka ba da nauyinta take riƙe jirgi ba. Haƙoranta ne ke nutsewa cikin laka idan an ja ta a kwance. In igiya ta yi gajarta, jirgi zai ɗago ta sama, ta fizge.”

Can tsakar dare na farka, na ga fitilun ƙauyen da na bari a damana sun koma hagu. Gabana ya faɗi. Na tashe shi ina cewa ruwa ya tafi da mu. Bai ce uffan ba. Ya kai ni goshin jirgin, ya ɗora hannuna a kan igiyar. Ya ce da ankar tana jan ƙasa, da na ji igiyar tana karkarwa tana fizga. Na saurara da tafin hannuna: a miƙe take, shiru. Ya bayyana mini cewa teku takan ciko ta kuma janye, kusan kowace sa’a 6 ruwan yana sauya hanya, jirgin kuwa dole ya juya ya fuskance shi. Mun juya, amma ba mu gusa daga wurinmu ba.

Ya koma barcinsa, ni kuwa na zauna riƙe da igiyar. Na tuna marubucin Ibraniyawa, a sura 6, ya kamanta begenmu da anka. Na sha koyar da wannan, amma ashe a zuciyata na ɗauke ta kamar turken da ake ɗaure doki, wanda ke hana motsi. Na kuma tuna Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 27: mutum 276 cikin jirgi, a dare na 14 cikin hadari, matuƙa suka saki anka huɗu. Iskar ba ta kwanta ba, jirgin ma daga baya ya farfashe, amma sun kai asuba, kuma ba ran da ya salwanta.

A nan na gane kuskurena. Ina auna bangaskiyata da fitilun gaɓa, wato da yadda nake ji, alhali abin da ke riƙe da ni yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ina kuma gajarta igiya, ina so Ubangiji ya warkar da ni cikin wata huɗu domin in tsare mutuncina a gaban jama’a. A daren nan na yi addu’ata ta fari tun bayan jana’iza. Ba ta wuce kalma uku ba: “Ka riƙe ni.”

Mun isa Badagry washegari. Da na koma gida na je wurin fastonmu na faɗa masa gaskiyar halin da nake ciki, abin da girman kai ya hana ni tun farko. Har yau akwai daren da nakan farka in ga duniya ta juya mini.

Ɗan’uwa, ’yar’uwa, in kai ma kana cikin irin wannan dare, kada ka yanke wa kanka hukunci da juyawar jirgi. Ka miƙa hannu ka taɓa igiyar.

Ya Ubangiji Yesu, kai ne begenmu. Ka riƙe mu sa’ad da muka kasa riƙe ka, har gari ya waye. Amin.