Wasiƙa Zuwa ga Abbana Daga Bakin Kogin Zinariya

Sakaramento, Kalifoniya

Abbana,

Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai kewarka da ba ta barina ko a wurin aiki. Na saurari saƙon muryar da kawunka ya turo, na ji yadda ka kawo haddarka ba gargada. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara buɗa maka ƙirji. A ƙarshen saƙon ka ce in ba ka labarin wani wuri a nan da yaro zai so zuwa. Labarin ya fi ƙarfin waya, kafin in kai tsakiya intanet ya yanke, shi ya sa na ɗauki biro. In ka ci karo da kalmar da ta gagare ka, ka kai wa kawunka.

Sunan wurin Coloma. Ɗan ƙaramin gari ne a cikin kwari, kamar tafiyar awa ɗaya a mota daga inda nake, kuma mazaunansa yau ɗari biyar ne da 'yan kai. Kogi ya ratsa shi, reshen kudu na wanda ake kira Kogin Amurka. Ruwansa ƙanƙarar duwatsun Sierra Nevada ce da ta narke ta gangaro, don haka ko da bazara, rana na dukan kai, in ka tsoma ƙafa sai ka ɗauke ta da sauri. Garau yake, kana hango tsakuwar ƙasansa. A gefensa akwai 'yar hanyar ƙafa, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara, inuwar bishiyoyi ta rufe yawancinta. Na ga tsohuwa da sanda a kanta, na ga masu tura jarirai a keke, na ga yaran da ba su kai ka ba suna tsere. Dinya na kiwo a kan ciyawa ba ruwansu da mutane. Can a tsakiyar kogi kuma masu kwalekwalen roba ne ke wucewa, suna ihu duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga su. Yaran makarantun jihar nan a aji huɗu suke karanta tarihinta, kuma nan ake yawan kawo su cikin motocin makaranta masu ruwan ɗorawa. Duk ayarin da ya wuce ni sai na tsinci kaina ina neman mai tsayinka a ciki.

Abu na farko da za ka tarar a hanyar shi ne wani gini na zallan katako, dogo, a kan ƙafafu. Injin tsaga katako ne, irin wanda ruwa ke juyawa. Wannan da ke tsaye yanzu an sake gina shi ne don mutane su ga yadda na asali yake, amma in ka ƙara gaba kaɗan za ka iske alamar inda na farkon ya tsaya. Wani kafinta mai suna James Marshall ne ya gina shi, shi da abokin harkarsa John Sutter, mutumin Siwizalan mai manyan filaye. Katako suke nema, ba wanda ya zo da tunanin zinariya. Magudanar da ruwa ke fita ta ƙarƙashin injin ce ba ta yi zurfi ba, sai Marshall ya riƙa sakin ruwa cikin dare don ya kwashe yashi da tsakuwa. Da safiyar 24 ga Janairun 1848 ya sauka duba aikin, sai ya hangi wani abu yana ƙyalli a ƙasan ruwa.

Ka san yadda ya gane ba ƙarya ba ce? Akwai wani dutse mai ƙyalli da ke yaudarar mutane, amma shi in an buge shi farfashewa yake yi. Marshall ya sa abin da ya tsinta tsakanin duwatsu biyu ya daddaka, sai ya baje, bai fashe ba. Sannan matar da ke dafa wa ma'aikata abinci, Jennie Wimmer, ta jefa wani ɓallin a tukunyar da take dafa sabulu da ruwan toka. Ya fito yadda ya shiga, ko dishewa bai yi ba. Sutter ya so a rufe maganar, amma magana irin wannan ba ta rufuwa. Kafin 'yan shekaru mutum wajen 300,000 sun kwararo Kalifoniya, daga gabashin Amurka, da Meziko, da Chile, da ƙasar Sin, da Turai. San Faransisko, da mutanenta ba su kai dubu ba, ta kai wajen 25,000 a 1850. A 1849 tururuwar masu neman zinariya ta yi ƙarfi, shi ya sa titin da ya bi ta Coloma har yau lambarsa 49.

Kafin in kai ka wajen wankin zinariya, akwai wani dutse da nake so ka tsaya a kansa. Faffaɗa ne, a kwance, da ramuka zagayayyu a jikinsa, sumul kamar an shafe su da mai. Turame ne. Mutanen da suka fara zama a kwarin, 'yan ƙabilar Nisenan, matansu ne suka yi ta daka a nan shekaru aru-aru har dutse ya rarake. 'Ya'yan wata bishiya suke dakawa, su wanke garin da ruwa har ɗacinsa ya fita, sannan su dafa. Na durƙusa na sa hannuna a ɗaya daga cikin ramukan, na tarar da ruwan sama da busasshen ganye a ciki. Abbana, waɗannan mutane zuwan zinariya bai zame musu alheri ba. An ƙwace musu ƙasa, an kashe da yawa, cututtuka da yunwa suka ƙarasa wasu. 'Yan asalin Kalifoniya da aka ƙiyasta sun kai 150,000 kafin zinariya, cikin shekara talatin ba su fi 30,000 ba. Zalunci ne, kuma ina so ka san sunansa tun kana yaro. Jikokinsu suna nan da rai har yanzu. In mun je, ba za ka taka dutsen nan da takalmi ba.

To, ga abin da na san za ka fi so. In an haye gada zuwa ɗaya gefen kogin, akwai inda aka yarda kowa ya gwada sa'arsa da tasa. Ma'aikatan wurin ma suna koya wa yara a cikin wasu dogayen kwalaye masu ruwa da yashi. Ba wani sabon abu ba ne a wurinka: tuna yadda Hajiya ke rege gero a ƙwarya, tana karkaɗawa tana karkatarwa, tsaba ta bi ruwa, tsakuwa ta zauna a ƙasa. Haka ake yi, sai dai a nan abin da ya zauna a ƙasa shi ake so. Zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19, ta fi yashi da tsakuwa nesa ba kusa ba, don haka duk girgizar da ka yi ƙasa take ƙara nutsewa. Yashi mai haske ya fara tafiya, a bar wani baƙin yashi mai nauyi, a cikinsa ne ake duba ƙyalli. Wata yarinya kusa da ni ta samu ɗigo ɗaya da bai kai ƙwayar riɗi ba. Ta danna shi da busasshen ɗan yatsa ya manne, ubanta ya saka mata a 'yar kwalba mai ruwa, ta riƙe da hannu biyu har suka bar wurin. Amma fa ba a shiga can ciki, domin akwai madatsar ruwa a sama, in an sako ruwa kogin yana cika cikin ɗan lokaci.

Ina kallon yarinyar nan zuciyata ta koma gida. Kai ba a haife ka ba a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana niƙawa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Iyayen ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema, ba su san akwai dalma a dutsen ba. Don haka in kun je ƙauye da hutu ka ga ana fasa dutse ko ana niƙa shi, ka yi nesa, ka janye ƙananan da ke tare da kai, kuma ka wanke hannu kafin ka ci komai. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Daga bakin kogi hanya ta biyu ta ɗauki tudu. Ita tana sa haki, amma gajeriya ce, kuma na tabbata za ka riga ni kaiwa. Akwai wasu bishiyoyi masu jan jiki sumul, in bazararsu ta shigo kuma furanni masu launin lemo sukan rufe gefen hanya. Abu biyu ake kiyayewa: wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, da maciji mai kacau-kacau a wutsiya, wanda sau da yawa yakan yi gargaɗi kafin ya yi sara. Wanda bai bar kan hanya ba da wuya ya gamu da matsala. A ƙolin tudun akwai mutum-mutumin Marshall da aka kafa a 1890, ya miƙa hannu yana nuna inda ya yi tsintuwarsa. A ƙarƙashinsa aka binne shi. Ya mutu a 1885 ba shi da komai. Shi ma Sutter ma'aikatansa sun watse, baƙi suka mamaye filayensa, ya ƙare rayuwarsa yana bin gwamnati ta biya shi diyya.

Daga nan wata hanyar ta miƙe ta bi ƙashin tudun, ta fi sauran tsawo, ana hango kwarin duka da kogin yana lanƙwasa a ƙasa. Sunanta Monroe Ridge, kuma saboda wannan suna na zauna rubuta maka wasiƙar nan.

A 1849 aka kawo wata baƙar mace Kalifoniya daga jihar Missouri, ita da mijinta Peter. Sunanta Nancy Gooch. Bayi ne, ba a tambaye su ko suna son tafiyar ba. Suna da ɗa ƙarami, Andrew, aka bar shi can a hannun masu bauta. Da Kalifoniya ta zama jiha a 1850, dokarta ta hana bauta, sai Nancy da Peter suka zama 'ya'ya, amma ɗansu yana can nesa, har yanzu dukiyar wani ne. Abin da Nancy ta sa a gaba shi ne wanki da ɗinki da dafa wa mahaƙa abinci. Kowa a garin yana duban ƙasan kogi, ita tana tara kuɗin fansar ɗanta kaɗan-kaɗan. Mijinta ya rasu a 1861, ba ta fasa ba. Kafin ta cimma burinta aka yi yaƙin basasar Amurka, bauta ta ƙare a 1865, sai kuɗin fansa ya zama kuɗin hanya. A 1870 Andrew ya iso Coloma. Shekara 21 ke nan rabonta da shi. Yaron da aka raba ta da shi ya zo mata magidanci, da matarsa da 'ya'yansa, yana amsa sunan Monroe.

Na daɗe a tsaye a gaban allon da aka rubuta labarinta. Ba na haɗa kaina da ita, Allah ya sani. Ni da ƙafata na zo, da yardar Hajiya da addu'arta, ina jin muryarka duk mako, ina ganin haƙorin da ya fita da wanda ya tsiro. A shekarun da ta yi tana jiran ɗanta ko wayar tarho ba a ƙirƙiro ba. Amma na san abin da ke sa mace ta ƙirga kuɗi da dare ta sake ƙirgawa, kuma na san wa take gani in ta rufe ido.

Iyalin nan ba su bi zinariya ba. Ƙasa suka saya, suka dasa itatuwan marmari, suna kai 'ya'yan kasuwa. Zinariyar kan kogi ta ƙare cikin 'yan shekaru, dubban da suka cika garin suka yi gaba, su suka zauna. Mutanen wurin suna ba da labari cewa da Marshall ya mutu, Andrew ne ya haƙa masa kabari. Daga baya filin da injin katakon ya tsaya a kai, wato ainihin inda aka tsinci zinariyar, ya zama mallakin jikan Nancy, Pearley Monroe, kuma daga hannunsa ya koma na gwamnatin jiha a shekarun 1940. In ka sauko ta ƙarshen hanyar za ka bi ta tsohuwar gonarsu, akwai sauran bishiyoyi a tsaye. A wurina, cikin duk waɗanda suka taka kwarin nan neman arziki, ba wanda ya kai matar nan samu.

Ka tambaye ni ran nan ko na manta da kai ne shi ya sa na daɗe. Na amsa maka a waya da dariya don kada Hajiya ta ji muryata ta canza. Ga amsar a rubuce, ka ajiye: ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Duk aikin dare da nake yi, da kai nake yinsa. Takardunka suna hannun hukuma, ba ni da ikon sa musu rana, shi ya sa ba zan faɗa maka wata ko shekara ba, don ban taɓa yi maka alkawarin da ban riƙe ba. Amma in Allah ya kawo ka, Asabar ɗin farko Coloma za mu. Zan yi mana dambun nama da zoɓo, mu fara ta bakin kogi, ka wanke yashinka har ka gaji, sannan mu hau tudu.

Kafin nan, ka riƙe sallah a kan lokaci, ka riƙa ɗebo wa Hajiya ruwan alwala ba sai ta kira ba, kuma ka daina fita ƙwallo ba takalmi, an faɗa mini. Ka ce ta koya maka rege gero, zai yi maka amfani a nan. Ka gaishe ta da kyau, ka gaishe da kawunka da malaminku na allo. Amsar wannan wasiƙa da hannunka nake son ta, ko layi biyar ne, kawunka ya ɗauki hotonta ya turo mini.

Allah ya tsare mini kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce,
Ummanka